Masana'antar haɗa taki a yankin Funtua

Aikin masana'antar haɗa takin zamani aunawa ne da gaurayawa. Yuriya tana zuwa daga Eleme ko Legas, fosfet daga Maroko, fotash daga ƙetare, sai tsakuwar farar ƙasa da ke cike nauyi. Kowanne da nasa mazubin. Kwamfuta ce ke sakin su bisa awon da aka ba ta, ganga mai juyawa ta cuɗa su, a ɗura a buhu mai kilo 50. Irin waɗannan masana'antu sun farfaɗo ne bayan yarjejeniyar taki da Najeriya ta ƙulla da Maroko a Disambar 2016, lokacin da aka riƙa sayar da buhun NPK 20-10-10 a kan naira 5,500.

Da rani wurin shiru yake, sai gyaran inji. Daga Afrilu kuwa tireloli kan yi layi, 'yan dako su cika harabar, dillalan Funtua, Bakori, Ƙafur da Malumfashi suna jiran kaya.

Tunda ba a dafa komai, ana iya sauya haɗi a yini guda: a canza lambobi a kwamfuta, a share ganga. Wuyar ita ce sanin haɗin da ya dace. Masara na cin naitirojin da yawa, waken soya kuwa yana samar wa kansa, fosfet ya fi buƙata. Gonar da aka daɗe ana noma auduga a cikinta ma da tata ƙishirwar. A nan ne ilimin sarrafa bayanai ke shigowa. Ana tattara sakamakon gwajin ƙasa, irin wanda ake yi a cibiyar binciken noma ta Samaru, a haɗa da hasashen damina da cinikin bara, a fitar da abin da za a haɗa da yawansa. Taki ɗaya ga kowace gona asara ce ga manomi, domin yana biyan kuɗin sinadarin da ƙasarsa ba ta nema, ruwa kuma ya wanke rarar zuwa rafi.

Danshi ma ana bin sawunsa. Yuriya tana tsotsar laima, don haka idan aka haɗa da yawa a watan Agusta aka jibge a sito, sai takin ya dunƙule. Masu lura da ma'aunin danshi kan rage yawan kowane zubi, su haɗa daidai abin da motocin ranar za su ɗauka.