Ƙibar da Ake Yabo da Sankarar Mama

A ƙasar Hausa, idan mace ta yi jiki sai a ce hutu ya karɓe ta, maigida yana ji da ita. Har amare ake ɗura wa maganin ƙiba irin su sha-ka-fashe don su cika ido. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, ƙibar nan tana cikin abubuwan da ke ƙara haɗarin sankarar mama, musamman ga macen da ta daina al'ada.

Ga dalili. A jikin mace akwai sinadarin istirojin, wanda yawancin nau'o'in wannan sankara da shi suke girma. Muddin tana al'ada, ma'ajiyar ƙwanta ce ke samar da shi. Da zarar ta daina, kitse ne ke karɓar aikin. Iya yawan kitsen, iya yawan sinadarin.

Kakanninmu sun yi surfe da daka, sun ɗebo ruwa, sun taka zuwa unguwa da ƙafa. Yau inji ke niƙa, adaidaita sahu ke kai mu, ga lemon kwalba da soye-soye da farar shinkafa safe da yamma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Zagayen tsakar gida da sauri ma ya shiga lissafi. Gero, dawa, wake, zogale da rama kuwa, da wasu ke yi wa kallon cimar talaka, su ne ke ƙosarwa ba tare da tara kitse ba. Giya tana ƙara haɗarin ko kaɗan aka sha. Taba da shisha ma a bar su.

Akwai inda al'adarmu ta yi daidai: shayarwa. Kowace shekara guda da uwa ta yi tana ba da nono tana rage haɗarin da kusan kashi 4 cikin 100. Kada a yi gaggawar yaye.

Sai dai kada a ruɗe mu. Kimanin rabin matan da ke kamuwa ba su da wani sanadi da aka sani illa kasancewarsu mata da kuma shekaru. A 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da cutar a duniya, 670,000 suka rasu. A Najeriya ita ce sankarar da ta fi kama mata, kuma yawanci ba a zuwa asibiti sai ta ci jiki, wasu saboda zancen nan na wai ciwon daji ba ya son allura. Babu ganye ko jiƙon da ke narkar da sankara. Duk wadda ta ji ƙullutu a nono ko hammata, ko da ba ya ciwo, ko ta ga kan nonon ya shige ciki ko yana fitar da jini, ta je likita ya duba ta cikin makon nan.