Muzuru Mai Hula da Koyon Karatu

A shekarar 1954, marubuci John Hersey ya koka a mujallar Life ta Amurka cewa littattafan koyon karatu na firamare ba su da gishiri: yara tsaf-tsaf, ladabi har ya yi yawa, babu abin dariya ko ɗaya. Daga nan wani mawallafi ya miƙa wa Theodor Geisel, wanda aka fi sani da Dr. Seuss, jerin kalmomin da ɗan aji ɗaya zai iya ganewa, ya ce ya gina labari da su. A 1957 The Cat in the Hat ya fito. Wani muzuru mai doguwar hula ja da fari ya faɗo gida ana ruwan sama, uwa ba ta nan, ya hargitsa ko'ina. Kalmomi iri 236 kacal ne a ciki. A 1960 kuma Geisel ya fitar da Green Eggs and Ham mai kalmomi iri 50.

Dabarar ita ce maimaici da ba ya gundura. Kalma ɗaya takan dawo sau da yawa, amma kowane zuwa da sabuwar ɓarna, don haka yaro yana bita bai san yana yi ba. Amsa-amo yana horar da kunnensa ya ji cewa kalmomi sautuka ne aka harhaɗa, wanda shi ne tushen haɗa baƙi. Hoto kuwa yana riƙe masa ma'ana yayin da yake kokawa da haruffa.

Sai dai a kula. Yaro gwanin hadda ne. Zai iya rera maka littafi daga bango zuwa bango idonsa na kan hoto, kai kuma kana ta murna. Ɗora yatsa ƙarƙashin kalma. Wani lokaci ka tsaya cak, ka bar shi ya ƙarasa, ko ka buɗe tsakiyar littafin ka ce, "Ina muzuru a rubuce?"

Ɗan Bahaushe ma ya fi ɗan Bature samun sauƙi a nan, domin bokon Hausa kusan yadda aka rubuta haka ake furtawa. Da ya kama ba, bi, bu, ya rarrabe ƙ da k, ɗ da d, ya hau hanya. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne littattafan da za su sa shi ƙyaƙyatawa, alhali ga Gizo da Ƙoƙi nan, kuma ba su gaza muzurun nan iya ɓarna ba.