Wili da taya ga tsohuwar Fijo: lissafin da ido ba ya iya yi

A kan hanyar da ta tashi daga Daura ta bi Zango da Baure har Babban Mutum, inda mota ke tsallaka iyaka ta nufi Magarya, tsohuwar Peugeot 504 ba ta gama yayi ba tukuna. Golf da Sharan sun ƙwace mata fasinja, amma idan an zo ga buhunan gero da riɗi, ko shiga ƙauyen da kwalta ba ta kai ba, har yanzu akwai direbobin da ba su yarda da wata mota ba sai ita. Inji da giya kanikawanmu sun haddace su tun suna yaran gareji. Inda ake yawan cutar motar nan shi ne a ƙafafunta.

An fito da 504 a Faransa a 1968, ta zama motar shekara ta Turai a 1969, sannan a 1975 ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka. A wannan shekarar ce kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Fijo a Kaduna, kuma ba da jimawa ba gwamnatin soja ta mai da 504 motar manyan ma'aikata. Abin da ya sa ta jure hanyoyinmu ba ƙarfin inji ba ne kawai. An ƙera ta da tsayi daga ƙasa, da sifirin mai nisan lanƙwasa, aka ɗora ta a kan wilin ƙarfe mai inci 14 da taya siririya mai dogon gefe. Duk wanda ya taɓa ɗaya daga cikin waɗannan ya taɓa sauran.

Matsalar ita ce kasuwa ta sauya. Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta Ikeja ta bi bayanta, tayoyin da ke shigowa yanzu kuwa an yi su ne domin motocin zamani. Mai Fijo ya shiga Ƙofar Ruwa a Kano, zai ga wili iri-iri suna ƙyalli, amma ɗaya cikin da yawa ne zai hau motarsa.

A fara da ramukan noti. Wilin 504 mai ramuka huɗu ne, kuma daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa milimita 140 ne, wato santimita 14 a rular ɗan makaranta. Na Golf mai rami huɗu 100 ne. Na Honda Accord ta shekarun 1990 kuwa 114.3. Abin da ya fi rikita mutane shi ne Peugeot 406, wadda suke ɗauka tunda gida ɗaya ne ai dole ta dace: tata 108 ce. Wilin 505 da na tsofaffin Subaru su ne masu 140. Ko a 505 ɗin ma da tarko, domin wasu sun zo da wilin TRX na Michelin mai faɗin milimita 390, wanda ya ɗara inci 15 kaɗan. Tayar inci 15 ba ta zama a kansa, kuma wanda ya matsa mata da iska don ta zauna yana wasa ne da fuskarsa.

Akwai wata dabara da ta yaɗu har ƙasashen waje. Wilin Hilux mai ramuka shida awonsa 139.7 ne, don haka ramuka biyu masu fuskantar juna sukan yi daidai da na Fijo, sai a huda sababbi biyu. Idan mai injin sassaƙa ƙarfe ne ya yi aikin da awo, abin yakan yiwu. Idan kuwa da wutar walda aka huda a bakin titi, ramin ba zai zauna a tsakiya ba, noti zai riƙa cin gefe guda, sitiyari ya kama rawa da zarar an ɗan taka wuta, wata rana kuma sandar notin ta karye. Ni dai ban ga ribar wannan kasada ba alhali wilin ƙarfe na asali bai ƙare a wurin 'yan gwangwan ba.

Ko ramuka sun dace, sai a duba zurfin wilin, wanda ake bugawa a bayansa da haruffan ET da wata lamba. Wilin motocin da ke ja da ƙafar gaba yakan nutse ciki sosai, ya je yana gogar shokozoba. Wanda ya turo waje da yawa kuma yakan ɗora wa boris nauyin da ba nasa ba, taya ta riƙa dukan bakin madgat duk lokacin da aka faɗa rami da lodi. Gwajin ba wuya: a ɗaura, a sauke jak, a murza sitiyari har ƙarshe dama da hagu, a zura hannu a ji ko akwai sarari.

Sai batun tsayi, wanda a nan ne aka fi yin asara ba a sani ba. Tayar asali ta salun ita ce 175 R14, gefenta ya kai kusan kashi 80 cikin ɗari na faɗinta, tsayinta gaba ɗaya wajen milimita 635. Mai faci zai ɗauko maka 175/65 R14 ya ce, “Alhaji, ai duk sha huɗu ce.” Gaskiya ne za ta hau wilin. Amma tsayinta 583 ne, ta gaza da kusan kashi 8 cikin ɗari. Motar ta sauka da santimita biyu da rabi, kuma a hanyar da ta yi kwari biyu da tudun rairayi a tsakiya, wannan ɗan bambancin ne ke sa cikin mota ya dafe ƙasa. Allurar gudu za ta nuna 100 alhali 92 ake yi, inji yana ƙarin juyi, mai yana ƙarin tafiya. Idan ta asali ta gagara samuwa, 195/70 R14 ta kai 629, wanda kuma ya koma wilin inci 15 zai sami 195/65 R15 a 634. Sai dai faɗin 195 yana ƙara wa sitiyari nauyi, kuma da yawa daga cikin motocin nan da ƙarfin damtse ake murza su.

Shi ya sa ba na goyon bayan samarin da ke ɗaura wa 504 wilin alminiyam mai inci 17 da taya kamar faifai. Dogon gefen taya shi ke shanye duka kafin ya kai ga shokozoba, shi ne kuma ke ba direba damar rage iska idan ya shiga yashi, taya ta baje ta fita. Wilin ƙarfe idan ya lotsa, guduma ta miƙar da shi a Baure. Na alminiyam tsagewa yake yi.

Ga masu wagon da ke dakon hatsi, lambar nauyi ta fi komai. Lamba 88 a jikin taya na nufin kilo 560 kowace ɗaya. Ita kuwa 185 R14C, mai harafin C na motocin kasuwanci, mai lamba 102, tana ɗaukar kilo 850. A lissafa buhu nawa ake jibgawa a baya ranar kasuwa, a haɗa da mutanen da ke zaune a kansu.

Tayar gwanjo tana cikin jerin kayan da dokar kwastan ta hana shigowa da su, amma a garin iyaka ba sai an faɗa wa kowa inda ake samunta ba. Wanda zai saya ya nemi lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta daɗe tana jan kunne kan tayar da ta wuce shekara huɗu, domin roba tana bushewa ko zanenta bai goge ba. A duba kuma ko akwai hoton dutse da ƙanƙara a gefenta. Wannan tayar hunturun Turai ce, robarta mai laushi, kwaltar watan Afrilu za ta cinye ta kafin damina ta faɗi. Bayan an ɗaura sabon wili, a tsaya a sake matse notuna idan an yi tafiyar kilomita hamsin, musamman in na alminiyam ne, domin sukan saki a tafiyar farko.