Ko Kun Sani? Birni guda a cikin kati 18

Akwai wasan gina birni da mutum zai iya yi shi kaɗai, ya kuma sa shi a aljihun riga idan ya gama. Sunansa Sprawlopolis, kamfanin Button Shy na Amurka ne ya fito da shi a 2018, kuma katinsa 18 ne kacal.

An raba fuskar kowane kati gida huɗu: unguwar zama, kasuwa, masana'antu da filin shaƙatawa, ga tituna sun ratsa su. A bayansa kuwa akwai sharaɗin samun maki, da lamba daga 1 zuwa 18. Kafin a fara, sai a zari kati uku a kifa su. Sharuɗɗansu ne dokar ranar, jimillar lambobinsu kuma ita ce makin da dole mai wasa ya cimma, wanda zai iya kamawa daga 6 har zuwa 51. Da sauran 15 ɗin ake gina birnin, ana jera su gefe da gefe ko a ɗora wani a kan wani.

Abin da ya fi burge ni shi ne hukuncin tituna: kowane titi daban yana rage maki ɗaya. Wanda ya bar guntayen hanyoyi barkatai zai ji a jikinsa, dole ya yi ta ƙoƙarin haɗa su.

Hanyoyin zaɓen kati uku daga 18 sun kai 816, shi ya sa da wuya mai wasa ya sake cin karo da matsalar jiya.