Tsohuwar Tarakta Mai Mutuwa Idan Inji Ya Yi Zafi: Bayani Ga Manoma Da Direbobi

Kamar yadda jama'a suka sani, da yawa daga cikin taraktocin da ke aiki a gonakin ƙauyukanmu ba na jiya ba ne. Akwai Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, da 'yar'uwarta 165, da kuma 375 da ta biyo bayansu. Akwai Fiat da aka harhaɗa a Kano, da Steyr da aka harhaɗa a Bauchi. Wasu sun shigo hannun manoma tun zamanin shirin ciyar da ƙasa na 1976, wasu a lokacin shirin bunƙasa noma na gwamnatin Alhaji Shehu Shagari na 1980, sun kuma yi ta sauya hannu daga mai su zuwa magada, ko daga gwanjo zuwa gwanjo.

Akwai wata matsala da ta zama ruwan dare ga irin waɗannan taraktoci. Da safe tarakta za ta tashi lafiya lau, ta shiga gona ta kama aiki, amma bayan minti ashirin ko talatin sai ƙarfinta ya ragu, ta mutu a tsakiyar kunya. A bar ta ta huta, ta sake tashi kamar babu abin da ya same ta, can kuma ta maimaita. Idan haka ta faru a makon farko na damina, lokacin da ƙasa ke da laima kuma manoma sun riga sun biya kuɗin haro suna jiran layi, asarar ba ƙarama ba ce. Abin da ya fi damun mu shi ne yadda ake gaggawar cewa famfon injekta ne ya lalace, a kwance shi a tafi da shi birni, alhali sau da yawa abin da ya jawo matsalar ba ya buƙatar ko sifana. Don haka muka ga ya dace mu yi wannan bayani, mu fara daga abin da ba ya cin kuɗi zuwa wanda yake ci.

Kafin a taɓa komai, direba ya lura da yadda injin yake mutuwa, domin a nan rabin amsar take. Idan injin yana ja yana saki, ƙararsa na hawa da sauka kafin ya ɗauke, kuma babu baƙin hayaƙi, to mai ne ba ya isa. Idan yana nishi kamar an ɗora masa kaya, allurar zafi ta hau, sannan bayan ya mutu kik ya kasa juya shi duk da cewa batir na da caji, wannan zafi ne ya wuce kima, kuma shi ne mafi haɗari. Idan kuwa ya ɗauke farat ɗaya kamar an kashe makulli, sai a nemi matsalar a wajen wuta. Haka nan a riƙe tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya yarda ya sake tashi. Injin da ke tashi bayan minti biyu ko uku daban yake da wanda sai ya huce sarai.

Mu fara da murfin tanki. A jikinsa akwai wata 'yar ƙofa da iska ke bi ta shiga tankin, ta maye gurbin man da inji ya sha. Idan ƙura ko tsatsa ta toshe ta, ko kuma murfin asali ya ɓata an rufe bakin tanki da leda an ɗaure da roba, kamar yadda ake yawan gani, to yayin da mai ke raguwa sai tankin ya riƙe sauran, ya hana shi sauka. A nan zafi ba shi da laifi, lokacin ne kawai ya zo daidai da lokacin da inji ya ɗumama. Da zarar tarakta ta mutu, a buɗe murfin a saurara. In an ji iska ta shiga da ƙara, an gano ɓarawon. A sassauta murfin a ci gaba da aiki a gani.

Daga nan sai cikin tankin kansa. Tankin da ya shekara arba'in ba ya rasa tsatsa da laka a gindinsa, wani lokaci har da guntun leda ko tsumma da ya faɗa ciki wajen ɗura mai daga jarka. Yayin da inji ke zuƙar mai, wannan tarkace yana taruwa a bakin mafitar har ya rufe ta. In inji ya mutu zuƙa ta tsaya, sai ya janye, hanya ta buɗe. A cire bututun da ya fito daga tanki a tara masa gwangwani na kamar minti biyu. Ya kamata man ya zuba da kauri ba tare da yankewa ba. In ya fara da ƙarfi sannan ya koma ɗiga, sai a sauke tankin a wanke shi. A duba kofin gilashin da ke tara datti, in akwai shi. Ruwa ya fi man gas nauyi, saboda haka a ƙasa ake ganinsa ya kwanta.

Filta ba ta da tsada, kuma canza ta ya fi wanke ta da fetur da wasu ke yi. Sai dai wajen ɗaurawa a tabbatar robobinta sun zauna daidai, domin ta nan iska ke samun hanyar shiga. Iska a cikin bututun mai babbar abokiyar gabar injin gas ce. Tsagewar da ba ta isa ta ɗigar da mai ba tana iya shigar da iska, kuma tsohon tiyo yakan ƙara saki idan ya ji zafi. A sami guntun tiyo mai nuna abin da ke cikinsa, irin wanda magina ke awon lebur da shi, a haɗa shi kafin famfon injekta. In an ga kumfa na wucewa, to akwai inda ke shan iska a baya.

Akwai gwaji guda da muke ganin ya fi kowane raba gardama. A zuba man gas mai tsabta a ƙaramar jarka, a ɗaure ta a sama da inji, a ja tiyo daga cikinta kai tsaye zuwa filta, a fitar da iska, sannan a shiga gona. Idan tarakta ta wuce lokacin da ta saba mutuwa tana aiki lafiya, an wanke famfon injekta daga zargi. Matsalar tana tsakanin tanki da ƙaramin famfon da ke ɗaga mai. Shi wannan ƙaramin famfo yana da fatar roba a ciki wadda ke tsufa ta yage. Alamarsa ita ce baƙin mai ya riƙa ƙaruwa a sandar awo maimakon ya ragu, ya tsinke, yana warin gas. Wanda ya ga haka ya tsayar da aiki nan take, domin baƙin man da gas ya tsinka ba ya kare ƙarafan inji.

Sai bayan duk waɗannan ne ake waiwayar famfon injekta. Yawancin injinan Perkins da ke cikin Massey Ferguson suna ɗauke da famfon CAV samfurin DPA, wanda man gas ɗin da ke bi ta cikinsa shi ne kuma yake shafe ƙarafansa. Tazarar da ke tsakanin sandar da ke juyawa da gidanta ta fi silin gashi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Idan shekaru da datti sun cinye wurin, man safe mai ɗan kauri yana iya rufe giɓin, amma da zarar ya yi zafi ya tsinke sai ya riƙa zurarewa ta gefe maimakon ya tafi nozul. Shi ya sa irin wannan tarakta take ƙin tashi da zafi, sai ta huce. Gurɓataccen man da aka gauraya da kananzir yana gaggauta wannan lalacewa, saboda kananzir ba shi da santsin da famfon ke buƙata. Wasu kanikawa sukan kwara wa famfon ruwan sanyi don su gwada, in ya tashi su ce shi ne. Gwajin yakan nuna gaskiya, amma ba mu ba da shawarar a yi shi ba, domin gidan yana iya tsukewa ya kama sandar, ƙaramin gyara ya koma sayen sabo. Kafin a kwance famfon a duba bututun da ke mayar da rarar mai tanki. In ya toshe, matsi yakan taru a cikin famfon har inji ya mutu, kuma wannan sananniyar matsala ce ga famfon Roosa Master da ke cikin tsofaffin John Deere. In ya tabbata famfon ne, a kai shi wurin masu na'urar gwaji. Ba aikin gindin bishiya ba ne.

Game da zafi kuwa, lagireto ake fara dubawa. Ƙaiƙayi da ƙura suna toshe ramukansa ta waje, ruwan rijiya mai gartsi kuma yana barin farin dutse a ciki. A wanke shi daga ɓangaren fanka zuwa waje, a duba ko fanbel ya yi sako-sako, a kuma tabbatar murfinsa na riƙe matsi, domin matsin ne ke hana ruwa saurin tafasa. Idan an buɗe murfin da sanyin safiya an tayar da inji aka ga kumfa na tasowa ba ƙaƙƙautawa, ko ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, to gaskit ne ake zargi. Injin da ya mutu saboda zafi, fistin ne ya kumbura ya fara kama jikin silinda. Kowane sake tayarwa yana ƙara kankare shi, kuma ƙarshen abin shi ne inji ya buga. Kada a buɗe murfin lagireto da zafi, kada kuma a zuba ruwan sanyi a injin da ya tafasa har sai ya huce.

Har ila yau akwai batun tafet, wanda ake yawan mantawa da shi. Bawul yana ƙara tsawo idan ya yi zafi. In tazarar da aka bar masa ta yi kaɗan, ba zai rufe sosai ba, matsin silinda ya zube, inji ya rasa ƙarfi. Ga injin Perkins mai silinda uku na 135 da mai silinda huɗu na 375, tazarar ita ce milimita 0.30 idan inji yana da sanyi. Aikin rabin sa'a ne ga bakaniken da ke da ma'aunin. Matatar iska ma a duba ta, musamman bayan hunturu. In ta cushe, baƙin hayaƙi ne zai fallasa ta.

Tsohon injin gas da ake kashewa ta hanyar jan waya ba ya buƙatar wuta bayan ya tashi, saboda haka babu amfanin zargin batir. Amma wasu na baya-bayan nan suna da wani ɗan makunnin lantarki a jikin famfo, wanda ke yanke mai idan wuta ta ɗauke. Wayarsa in ta yi sako-sako, ko shi kansa in ya gaji da zafi, inji zai mutu farat ɗaya.

Taraktocin fetur, irin su Ferguson TE20 da aka ƙera a Ingila daga 1946 zuwa 1956 da Ford 8N ta Amurka, ba su da yawa a wajenmu, amma masu su na da ƙarin wuraren dubawa. Kwayil da kwandansa sukan yi aiki da sanyi su gaza da zafi. Dole ne a yi gwajin a cikin mintin da inji ya mutu, kafin su huce: a cire wayar fulogi, a kusantar da ita jikin inji da abin riƙo mai roba, a buga kik. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi na nuna wuta lafiya take. In ja ne mai rauni ko babu shi sam, a fara canza kwandansa tunda ya fi araha. An ƙera da yawa daga cikin waɗannan taraktoci da wutar bolt 6, kuma in an mayar da su bolt 12 aka bar tsohon kwayil ba tare da abin rage wuta ba, zai riƙa yin zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Idan wuta na nan, a ja cok a daidai lokacin da inji ya fara shiɗewa. In ya farfaɗo, fetur ne ba ya isa kafireto, ko don datti, ko don bututun ya ratsa kusa da salansa fetur na tafasa a ciki.

Muna kira ga direbobi da kanikawa da su tabbatar giya tana furi kuma an sauke garma ƙasa kafin kowane gwaji, kada kuma a haɗa wayar kik da sukudireba ana tsaye gaban tayar baya. Man da ke fita daga nozul yana da matsin da zai iya huda fata, don haka ba a neman yoyo da yatsa. Wanda hakan ta same shi a garzaya da shi asibiti ko da raunin bai kai tsinin allura ba. Masu taraktoci kuma su riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda, su gwada a gona da haro a ɗaure har a wuce lokacin da ta saba mutuwa, kafin a biya kuɗin gyara.