Godiya Ba Ta Ƙarewa Ran Salla

Mutanen Amurka suna da ranar godiya, Alhamis ta 4 cikin watan Nuwamba, bayan an kai amfanin gona gida. Mu kuwa, 'yan'uwa, Ƙaramar Salla ce tamu.

Ku dubi yadda a ke yi a ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi. Tun ba a tafi Idi ba, maigida ya kan auna gero ko dawa, mudun Annabi 4 saboda kowane mutum na gidansa, har jinjiri, ya ba matalauta. Wannan shi ne fid da kai. In an sauko, yara su yi ta kai tuwon Salla gida gida, wanda aka kai wa kuwa ya sallami ɗan aike da 'yar kyauta. Ai an ce yaba kyauta tukwici.

Ashe godiya aikin hannu ce, ba ta fatar baki kaɗai ba. To, in Salla ta wuce fa? Da kaka, in hatsi ya kai nisabi, dami 1 cikin 10 na zakka ne. Kullum kuwa akwai gaida iyaye, da gode wa wanda ya ɗebo mana ruwa.

Mu da za mu zama malamai, mu tuna: yaron da bai taɓa jin malaminsa ya ce "na gode" ba, da wuya ya koye ta daga littafi.