Wainar Gida da Wainar Kasuwa

Tun kafin ladanin Babban Masallacin unguwar Kilomita Biyar a Bangui ya kira assalatu, yayarmu ta riga ta buɗe robar ƙullu ta leƙa. Ba ta fara ɗanɗanawa. Ido take zuba masa ta ga yadda ya taso, ta kai hanci, sannan ta san ko yau zai sha ruwan kanwa ko a ƙyale shi. Shekara ashirin da ɗoriya ke nan tana toya waina a ƙofar gida, kuma mahauta da ’yan tireda da direbobin manyan motocin Duwala da ke tsayawa wurinta ba wanda ya taɓa tambayarta yadda take yi. Abu ɗaya suka sani, wainar Talata ita ce wainar Asabar. Ranar da ta yi tsami ko ta ƙi tashi ba za su yi mata faɗa ba. Gaba za su yi, ai akwai wata tandar a lungu na gaba.

Wurinta na tura ’yar ƙanena ranar da ta zo mini da takardar digirinta daga Jami’ar Bangui, ta zauna a bakin tabarma ta ce, “Baffa, so nake in shiga kamfanonin nan masu yin magani da allurar rigakafi daga ƙwayoyin halitta. Ta ina ake shiga?” Na ce ta tashi da asuba ta je ta zauna wa Goggonta. Ta ɗauka zolaya ce.

Da gaske nake. Na yi ƙuruciyata a ɗakin gwaje-gwaje, na ƙarasa aikina a wata masana’anta a wajen ƙasar nan inda muke kiwon ƙwayoyin halitta a tankunan ƙarfe, kuma abin da ya fi ba ni wahala a shekarar farko shi ne gane cewa na bar wainar gida na koma wainar kasuwa. Jami’a wainar gida take koya wa mutum. Ka yi gwaji sau goma, bakwai su lalace, uku su yi kyau, ka gano dalili, ka rubuta, malaminka ya sa albarka. Hakan daidai ne a can, don sabon abu ake nema. A masana’anta kuwa an riga an sami abin, kuma aikinka shi ne ya fito yau kamar yadda ya fito jiya, ya fito haka a zubi na ɗari biyu, ko kana da zazzaɓi, ko an canja maka mai kawo sinadari. Yaro mai kaifin kai da ya saba a yaba masa don ya ƙirƙiro dabara yakan sha mamaki ranar da aka kira shi ofis saboda ya “gyara” hanyar aiki ba tare da izini ba.

Kwatancen ma bai yi nisa yadda yarinyar take zato ba. Yis ɗin da Goggo ke barbaɗawa a ƙullu, jinsinsa ne aka sa wa umarni a cikin ƙwayar gadonsa ya riƙa yin rigakafin ciwon hanta nau’in B, wanda aka amince da shi a Amurka tun 1986. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21 shi ma a cikin wani dangin yis ake noma shi. Wato mai waina da mai tankin lita dubu biyu abu ɗaya suke lallashi: halitta mai rai, mai son ɗumi daidai gwargwado, mai cin sukari, mai yin fushi idan aka bar ta da ƙazanta.

Inda suka rabu shi ne rubutu, kuma nan ne na fi so yarinyar ta tsaya ta duba. Awon Goggo a hannunta yake da hancinta. Gwangwanin da take awon shinkafa da shi ya lotsa a gefe, ita kaɗai ta san inda take tsayar da shi. Shekarar da ta kwanta jinya wata guda, ’ya’yanta mata suka karɓi tandar, da shinkafar nan da yis ɗin nan da gawayin nan, amma kafin sati biyu rabin masu saye sun watse. Masana’antar magani ba za ta yarda sana’a ta zauna a hancin mutum ɗaya ba. Akwai ƙa’idojin da ake kira GMP a ƙasashe masu Ingilishi, BPF a masu Faransanci, kuma ruhinsu shi ne duk abin da ka yi ka rubuta shi a lokacin da ka yi shi, da sa’a da sa hannu, har baƙon da bai taɓa ganinka ba ya iya bin sawunka. Ni kaina na sha wannan darasi da ɗaci. Wani dare na duba zafin tanki, na ga daidai yake, na ce zan cike takardar in na dawo daga salla, na manta. Kayan lafiyarsu ƙalau, na rantse na kuma rantsewa. Matar da ke kula da inganci ta saurare ni har na gama, ta nuna mini gurbin da ba kowa a takardar, aka killace zubin gaba ɗaya aka buɗe bincike na makonni. A lokacin na ji haushinta ƙwarai. Yau da za a ce in zaɓi wanda zai sa hannu a kan allurar da za a yi wa jikana, ita zan zaɓa.

Sai maganar girman tukunya. Duk matar da ta taɓa girkin biki ta san wadda ta iya dafa mudu ɗaya ba lalle ta iya dafa buhu ba. A babbar tukunya ƙasa na ƙonewa sama na ɗanye, muciyar da ta isa jiya yau ba ta kai gindi, gishirin da ka ninka sau hamsin sai ya fito wani iri. Haka tanki yake. Ƙwayoyin da suka yi ƙiba a ’yar kwalbar ɗakin gwaji, in an kai su babban tanki sai iska ta kasa isa tsakiya, zafin da suke fitarwa ya taru, in kuma ka ƙara ƙarfin juyawa ka farfasa su. Masu sanin wannan hawa daga ƙaramar tukunya zuwa babba su ne ake nema ido rufe, kuma ba kasafai ake koyar da shi a aji ba. A bakin tanki ake koyonsa, wajen wani tsohon ma’aikaci da wataƙila ko digiri ba shi da shi. Wanda ya shiga yana taƙama da takarda, wannan tsohon zai bar shi ya ƙona tukunyarsa shi kaɗai.

Yarinyar tana da buri irin na kowane ɗalibi, ta gano magani a kira sunanta. Na ce mu ƙirga hannuwa. Ranar 24 ga Mayun 2024 jirgi ya sauka a Bangui da allurar R21 sama da 43,000, ƙasarmu ce ta fara karɓarta don shigar da ita rigakafin yara na yau da kullum. A Jami’ar Oxford aka ƙirƙiro ta, wannan hannu ɗaya ke nan. A Nanoro ta Burkina Faso Farfesa Halidou Tinto da mutanensa suka gwada ta a kan yara 450, kuma a bayansa akwai masu ɗibar jini, masu shigar da alƙaluma, masu bin gida gida suna yi wa iyaye bayani da harshensu. Kamfanin Serum Institute na birnin Pune a Indiya ya noma ta a tanki ya ɗura a kwalba, wani kamfanin, Novavax, ya kawo sinadarin da ke ƙara mata ƙarfi. Wasu suka haɗa dubban shafukan da hukumomi ke karantawa kafin su amince. Wasu kuma aikinsu kawai kada sanyinta ya fita tsakanin digiri 2 da 8 tun daga Pune har ɗakin shan magani na unguwa. Mai ƙirƙira ɗaya, masu kai ta bakin yaro dubbai, kuma mafi yawan guraben aiki a wajen dubban nan suke. Ban hana ta digiri na uku ba. In bincike take so har zuciya, ta yi. Amma kada ta yi shi don tana jin sauran ayyukan na waɗanda suka kasa ne.

Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce Bangui ba ta da masana’antar rigakafin mutane. Abin da muke da shi Cibiyar Pasteur ce, wadda aka kafa a 1961, inda ake bin diddigin shan inna da shawara da ƙyandar biri, da kuma masu binciken cutar da ke nannaɗe ganyen rogo a jami’a, aikin da ya shafi kwanon gozo, tuwon rogon kowane gida. Shekara biyu a irin waɗannan wurare, mutum ya koyi tsabtar aiki da riƙon littafi da gyaran na’ura in ta tsaya, ta fi shekara biyu ana jiran biza. Bayan nan hanya a buɗe take. A Garwa akwai LANAVET mai yin rigakafin dabbobi, a Vom kusa da Jos akwai cibiyar da ke wannan aiki tun 1924, kuma ɗan unguwar da ya tashi cikin mahauta da dillalan shanu bai kamata ya raina allurar ciwon huhun saniya ba. Pasteur ta Dakar ta daɗe tana yin rigakafin shawara. BioNTech ta buɗe wurinta a Kigali a Disambar 2023. Tarayyar Afirka ta ɗaura aniyar nan da 2040 nahiyar ta riƙa yin kashi 60 cikin ɗari na rigakafin da take amfani da shi, alhali lokacin da aka yi alkawarin abin da take yi bai fi kashi ɗaya ba. Ko rabin wannan aka cim ma, za a nemi hannuwa da yawa.

Akwai kuma jarin da ’ya’yan Kilomita Biyar ke yawo da shi ba su san kuɗi ba ne. Yarinyar nan tana jin Hausa da Sango da Faransanci, Larabcin kasuwa ma ba a sayar da ita da shi. In ta ƙara Ingilishi, wanda dole ne don yawancin takardun sana’ar da shi ake rubuta su, ta zama irin mutumin da ake rasawa. A Samaru ta Zariya, Farfesa Mohammad Ishiyaku da abokan aikinsa sun shafe kusan shekara goma kafin a saki waken SAMPEA 20-T a ƙarshen 2019, waken da ke kare kansa daga tsutsar da ke huda kwanso, har feshin da manomi ke yi sau shida zuwa takwas ya koma biyu. Aikin bai ƙare a gonar gwaji ba. Sai da aka sami masu tsayawa gaban manomi da malamin unguwa da ɗan jarida su amsa tambayar “me kuka sa a ciki?” da Hausar da ba ta da rainin wayo.

Mu kuma nan mun san abin da ɗan Turai ba ya koya sai a takarda. Mun san wutar lantarkin da ke zuwa daga Boali tana ɗaukewa, don haka wanda ke ajiye irin ƙwayoyinsa a firjin da ke kan digiri 80 ƙasa da sifili dole ya san lafiyar janareto kamar yadda ya san lafiyar ɗansa, ya kuma raba irin gida biyu, yadda mai kindirmo ba ta juye ƙwaryarta kaf sai ta rage na gobe. Mun ga yadda aka toshe hanyar Duwala daga Disambar 2020 zuwa Fabrairun 2021, motoci suka yi cirko-cirko a Garoua-Boulaï, kasuwa ta bushe. Wanda ya ga wannan ba sai an koya masa ya yi odar sinadari wata shida kafin ya ƙare ba.

Na gargaɗe ta a kan abu biyu. Na farko, kada ta auri aiki guda. A cikin magunguna goma da ake fara gwadawa a jikin mutane, kusan tara ba sa kaiwa kasuwa, kuma kamfani kan rufe aikin da ka ba shekara huɗu a zama ɗaya, ba don ka yi laifi ba. Goggo da azumi ya kama takan jingine tanda ta koma ƙosai da kunu, hannun nan ne dai. Mutanen unguwar nan da suka yi gudun hijira a 2014 sun ga wanda ya ci abinci a Kamaru da Chadi: tela da makaniki da mai tuya, waɗanda sana’arsu ta bi su a jiki. Na biyu shi ne algus. Rana za ta zo da sakamako zai fito a bakin iyaka, mota na jira a waje, wani babba ya ce a sake gwadawa har ya “yi daidai”. Mai nonon da ta tsarma ruwa ciniki kawai take asara in an gane. A nan kuwa yaron da aka yi wa allurar ba shi da wata tandar da zai koma. Duniyar sana’ar kuma ƙarama ce, daga Dakar zuwa Pune kowa ya san wanda sa hannunsa ke da nauyi.

Ta tafi wajen Goggon, da littafi da ma’aunin da ta aro. Kwana uku tana rubutu: nauyin shinkafa, awan jiƙo, cokalin yis, lokacin da aka rufe roba. Da ta tambayi yawan ruwa, Goggo ta ce, “Sai ya yi.” Ta ce, “Goggo, sai ya yi ɗin nan kofi nawa ne?” Aka yi ta dariya, aka auna, ya kama kofi bakwai da rabi. Rana ta huɗu ta ce a bar mata ita kaɗai, daga littafi za ta yi. Daren aka kwana ana ruwa, gari ya yi sanyi, da asuba ƙullu yana nan kwance kamar yadda ta bar shi. Goggo ba ta ce komai ba, ta jawo robar kusa da murhu, ta rufa mata tsohon bargo, ta aiki yaro ya ce wa mahauta su ƙara rabin awa. Yarinyar ta buɗe littafin ta ja sabon layi a gefen shafi, ta rubuta “zafin ɗaki” a samansa, sannan ta ɗago ta tambaye ni inda ake sayar da ma’aunin zafi a kasuwa.